Neman kalmar Hausa: me za mu kira matter da form?

Jama'a, akwai kalmomi biyu na falsafa da suka daɗe suna hana ni sakat. Turawa suna ce musu matter da form. Duk wanda ya taɓa gwada bayanin falsafar Girkawa da Hausa ya san inda ake tuntuɓe: sai a ce "abu da siffarsa", a wuce. Ni kuwa ina ganin wannan fassarar tana kashe maganar tun ba a fara ta ba. Na tattara kalmomin da na ji malamai da ɗalibai suna bayarwa, na saka kowace a jimla na ji yadda ta zauna. Ga inda na tsaya, mai gyara kuma bismillah.

Sai mun san kayan da kalmomin za su ɗauka kafin mu zaɓi jakin. Aristo, masanin falsafa Bagirke wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, tambaya ɗaya ya sa a gaba: idan abu ya canza, mene ne ya tafi, mene ne ya saura? Ɗauki mutum-mutumi na tagulla. A narka shi a zuba tasa. Mutum-mutumin ya tafi, tasa ta zo, amma tagullar tana nan, ita ce ta ratsa canjin daga farko har ƙarshe. Wannan da ya saura shi ya kira hule, kalmar da a bakin talakan Girka ma'anarta itace ko katako. Abin da ya sa tagullar ta zama mutum-mutumi jiya, ta zama tasa yau, shi ya kira morfe, wani lokaci kuma eidos. Hule ita ce matter ɗin Turawa, morfe kuma form. A wurinsa duk abin da ido ke gani haɗin waɗannan biyun ne, kuma ba a raba su sai a tunani.

Akwai wani ɗan zare a nan da yake yawan kuɓuce wa masu fassara. Hule ba sunan wani irin abu ba ne, matsayi ne. Yumɓu hule ne ga tubali, tubali kuma hule ne ga gida. Idan aka yi ta gangarawa ƙasa ana tuɓe wa abu duk abin da ya mai da shi wani abu takamaimai, a ƙarshe za a isa ga abin da ba shi da launi, ba shi da girma, ba shi da suna, sai dai iya karɓar komai. Ba wanda ya taɓa riƙe shi a hannu. Kalmar da za mu zaɓa dole ta iya sauka har can.

To, "abu" ta faɗi tun a matakin farko. Tasar kanta abu ce, tunani abu ne, damuwa ma sai mu ce wani abu ne ya dame mu. Kalmar da ta rungumi komai ba za ta iya nuna rabin komai ba.

"Kaya" ta fi kusa, don "kayan gini" kusan shi ne abin da Bagirke yake ji idan an ce hule. Rumawa ma hanyar da suka bi ke nan: materia a Latin katakon gini ne, daga nan Ingilishi ya gaji tasa kalmar. Sai dai kaya a Hausa ta riga ta tafi wajen mallaka da dako, kayan wane, kayan a kai. Ba na jin kunne zai karɓi "kayan farko da ba su da launi ba su da girma". "Sinadari" kuma abu ne mai halinsa da aikinsa wanda ake ƙarawa a cikin wani, wato ya riga ya zama wani abu. "Jiki" muna bukatarta a wani gurbin, domin Ibn Sina, masanin falsafa Musulmi, cewa ya yi jiki shi ne haɗin biyun. Idan muka ba rabi sunan duka, jimlarsa ta rushe.

Wadda ta fi ba ni sha'awa, har na kwana biyu ina juya ta, ita ce "ɗanye". Ɗanyen mai, ɗanyen ƙarfe. Tana ɗauke da ma'anar abin da bai zama ba tukuna amma zai iya zama, kuma tana tafiya da matsayi: tubali gamamme ne idan aka dubi yumɓu, ɗanye ne idan aka dubi gida. Abin da ya kayar da ita shi ne, ɗanyantaka tana ƙarewa idan aiki ya kammala. Tagullar da ke cikin tasa ba ɗanya ba ce kuma, alhali ita ce dai hule ɗin tasar har gobe. Na so ta, amma dole na sake ta.

Don haka a wannan ɓangaren na zaɓi aro: madda.

Na san za a ce aro lalaci ne. Amma dalili, hujja, sababi, zati, har falsafa kanta, duk ta ƙofar Larabci suka shigo, yau kuma ba mai tambayarsu takardar zama. Larabawan ma sun sha irin wannan wahalar. Masu fassara na Bagadaza a ƙarni na 9 da na 10, irin su Hunain ɗan Ishaƙ wanda ya rasu a 873 da ɗansa Ishaƙ, sun gaji kalmomi biyu suna aiki da su: hayula, wadda hule ce aka sa mata rawani, da madda, wadda tasu ce ta gida. Farabi da Ibn Sina da Ibn Rushd duk da su suka yi rubutu. Farisanci ya ɗauki madda, Turkanci yana cewa madde, Sawahili yana cewa maada. Ba mu kaɗai za mu tsaya a layin ba.

Akwai ƙorafi na gaskiya guda ɗaya: mai karatun tajwidi ya san madda da ma'anar jan wasali, ɗalibin Islamiyya kuma yana kiran darasi madda. Haka ne. Amma ba na tsammanin mai karanta "maddar tasa tagulla ce" zai zaci ana maganar jan wasali. Wani abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne tushen kalmar, harufan nan na miƙewa da shimfiɗuwa. Dekart, Bafaranshen da ya rasu a 1650, da ya tashi bayyana wannan abu cewa ya yi haƙiƙaninsa shimfiɗuwa ce kawai, tsawo da faɗi da zurfi. Dacewa ce, amma dacewa mai daɗi.

Hayula kuma kada mu yar da ita. A ajiye ta ga wancan na can ƙasa, marar launi marar suna. Madda ga kowane mataki, hayula ga matakin ƙarshe.

Yanzu ɗaya ɓangaren, inda na fi damuwa.

"Siffa" ita kowa yake fara kawowa, ita ce kuma nake roƙon a bari. Wanda ya yi karatun tauhidi ya san zati daban, siffa daban. Siffa tana hawa kan abin da ya riga ya samu: fari, tsawo, zafi. Doki fari da doki baƙi duk dawaki ne. Abin da Aristo yake nufi kuwa shi ne abin da ya mai da dokin doki, wanda in ya tafi babu sauran doki. Kuma ga babbar asarar da za mu yi. Malaman kalam, wato masu kare aƙida da hujjar hankali, na mazhabar Ash'ariyya, irin su Baƙillani da ya rasu a 1013, ba su yarda da hayula da takwararta ba. Su a wurinsu duniya ƙananan ƙwayoyi ne da ba sa rabuwa, jauhari, waɗanda halaye masu zuwa su wuce suke hawa kansu, Allah yana sabunta su a kowane lokaci. Wannan saɓani ne na gaske tsakaninsu da su Ibn Sina. Waɗannan halaye masu hawa su ne suka cancanci sunan siffa. Idan muka ba form wannan sunan, ɓangarorin biyu za su fito a Hausa kamar magana ɗaya suke yi, ɗalibi ya rasa abin da aka yi ƙarnuka ana jayayya a kansa.

"Sura" ita ce zaɓin Larabawa, kuma da ta zauna da na huta. Amma a bakinmu sura ta koma ga abin da ido ke gani, kyakkyawar sura, mummunar sura. Ga kuma surar Alƙur'ani, wadda a Larabci harafinta na farko daban ne amma a boko rubutunsu ɗaya. Aristo da kansa ya ba mu ma'aunin gwaji: ya ce idon da aka sassaƙa a dutse ido ne a suna kawai, tunda ba ya gani. Surar ido tana nan cif, abin da ya mai da ido ido babu. Da wannan ma'aunin "kama" da "fasali" ma sun bi sura. "Tsari" ta yi sanyi da yawa, ta fi dacewa da jerin abubuwa. "Siga" tana da kyakkyawan asali, don a Larabci daga aikin maƙerin zinariya ta fito, amma masu nahawu sun riga sun kama ta, kuma a wajen aji ba ta da nauyi sosai.

Abin da nake ba da shawara shi ne ƙira.

Ku ji yadda muke amfani da ita. Muna cewa ƙirar wannan gatari ta yi kyau, ba kuma kyan gani kawai muke nufi ba, muna nufin an yi shi yadda zai sara. A sassaƙa gatari da kakin zuma, maƙeri zai ce wannan kamar gatari ce, ba ƙirarsa ba. Ƙira tana haɗa yadda abu yake da abin da aka yi shi dominsa, wannan kuwa shi ne zuciyar maganar. Ba ta tsaya ga ƙarfe ba, muna cewa wane ƙirar ƙarfi gare shi. Sannan ku dubi yadda sababai huɗun nan na Aristo suke jeruwa da ita ba tare da an matsa musu ba: madda, ƙira, maƙeri, manufa. Tagulla, tasa, wanda ya zuba, da abin da za a yi da ita.

Ba zan ɓoye rauninta ba. Aristo ya ce rai shi ne morfe na jiki mai rai, ya kuma ce tambayar ko rai da jiki abu ɗaya ne kamar tambayar ko kaki da hatimin da aka buga a kansa abu ɗaya ne. Idan muka ce "rai shi ne ƙirar jiki", Bahaushe zai ji ana maganar faɗin ƙirji da tsawon ƙafa. Gawa ma za a ce tana da ƙirar mutum. Maganin da na gani shi ne a yi abin da malaman Larabci da na Latin suka yi, a ƙara kalma: ƙirar zati ga abin da ya mai da abu abin da yake, sura kuma a bar ta ga fasalin waje. Sai jimlar ta zama: gawa tana da surar mutum, amma ƙirar zati ta tafi. Wannan ta zauna a kunnena.

Rauni na biyu, ƙira tana sa a tuna da maƙeri, alhali a wurin Aristo ƙwayar iri daga cikinta take tashi ta zama bishiya, ba wanda yake dukanta da guduma. Gaskiya ne. Amma shi ma daga wurin masu sassaƙa da magina ya ɗebo kusan duk misalansa, ya kuma bar kalmar katako ta yi masa aiki har a kan iska da ruwa. Na uku ƙarami ne amma yana da muhimmanci: a riƙa sa mata lanƙwasarta. Ƙira ce, ba kira ba.

Ga Aflatun, malamin Aristo, wanda ya ce waɗannan abubuwa suna da samuwa ta kansu a wajen duniyar gani, "ƙira tsantsa" ta isa. Saɓaninsu sai ya fito a jimla guda: malami ya ce ƙira tana can ita kaɗai, ɗalibi ya ce tana nan a cikin madda.

Na kuma gwada su a ɗakin kimiyya, don kalmar da ba ta iya fita daga ƙarni na 4 kafin Miladiyya ba za ta amfani yaranmu ba. Daimon da baƙin abin da ke cikin fensir duk kabon ne. Ɗaya yana yanka gilashi, ɗaya yana gogewa a takarda, bambancin kawai yadda ƙwayoyin suka jeru. Madda ɗaya, ƙira biyu. Ma'anar da ake koyarwa a makaranta ma ta shiga: madda ita ce duk abin da yake da nauyi kuma ya tare wuri. Sai dai malami ya faɗakar cewa a nan madda ta zama sunan jinsi, ba matsayi ba kamar a wurin Aristo. Wannan ma'anar ta fi kusa da Dimokiritas, wani masanin falsafa Bagirke, wanda ya ce babu komai sai ƙwayoyi da sarari, ya kira ƙwayoyin atomos, wato abin da ba ya yankuwa. Dalton ya farfaɗo da sunan a 1808, Thomson ya gano ilektiron a 1897, Rutherford ya gano cibiyar ƙwayar a 1911. Abin da ba ya yankuwa ya yanku, sunan bai motsa ba, kamar yadda "ƙwayar zarra" ta zauna mana.

Daga madda kuma muna samun 'ya'ya. Ra'ayin da ya ce babu komai a samuwa sai madda, a kira shi maddanci, a daina cakuɗa shi da son abin duniya ko jari-hujja, don mutum yana iya riƙe wannan ra'ayin alhali bai mallaki komai ba. Ra'ayin Aristo kuma, wanda Turawa suka ƙera wa doguwar kalma daga hule da morfe, "ra'ayin madda da ƙira" ya wadatar.

Saura ma'aurata biyu da ba sa rabuwa da waɗannan, abin da Larabawa suke cewa bil ƙuwwa da bil fi'il. Na biyun muna da shi, "a aikace". Na farkon ina karkata ga "a iyawa": tagulla tasa ce a iyawa, idan an zuba ta ta zama tasa a aikace. Malamai, ku faɗe ta da baki sau biyu ku ji ko ta zauna.