Don Allah ku taimaka, maigidana na jin nauyi a ƙirji

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Maigidana shekararsa 52, yana da hawan jini amma ya daina shan magani wai yawan fitsari yake sa shi, ga shi wata uku kenan suna rigima da ƙaninsa kan wani kuɗi da suka haɗa, barci ma ba ya yi, kullum yana kan waya yana faɗa, ni kuma in na sa baki a ce ina raba zumunci. To shekaranjiya yana hawa bene sai ya tsaya ya dafe ƙirji wai kamar an ɗora mai dutse, da ya zauna abin ya lafa. Jiya da daddare abin ya dawo, zufa sharkaf ga fanka na juyawa, yana ta murza hannun hagu. Shi dai ya ce olsa ce. Me zan ba shi?

Wata 'yar uwa: Olsa ce wlh, ni ma haka take min in na yi fushi. Ke kin ma ji daɗi yana faɗa miki, ni ko birgima nake nawa ba ya ɗago kai daga waya.

Anti Nas: Ƙanwata ajiye wayar nan ki kai shi asibiti YANZU. Nauyin ƙirji da ke zuwa in an motsa jiki ya lafa in an huta, alama ce jini ba ya isar zuciya. Na jiya ya fi ban tsoro tunda yana zaune ya zo, ga zufa mai sanyi, ga hannu. Wani har muƙamuƙi da baya yake ji, ko numfashi ya yi wuya, ko tashin zuciya. Jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ke toshewa, kuma duk awar da ta wuce naman zuciya mutuwa yake, ba ya dawowa. Su yi mai ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, da gwajin jini na tiroponin, wanda ke nuna ko naman zuciya ya lalace. Kar ya tuƙa mota da kansa.

Wani ɗan uwa: A ba shi asfirin 300mg ya tauna, shi kenan.

Anti Nas: Malam wane shi kenan? Asfirin taimakon kan hanya ne kafin a isa asibiti, kuma in da gaske yana da olsa mai zubar jini zai iya ƙara mai matsala. Ƙanwata minti nawa abin ya yi jiya? Yana da suga? Masu suga wani lokacin ciwon ma ba sa ji sosai.

Mai tambaya: Anti ba ku san halinsa ba ne, ba a tilasta shi. Yau ma garau ya tashi ya tafi aiki. Kuma zuwanmu na ƙarshe wuni muka yi a layi aka ce ba komai. Ni a ganina damuwar ƙanin nan ce.

Wata 'yar uwa: Ai 'yan uwan miji sai addu'a, nawa ma…

Anti Nas: Lafawar nan ita ke yaudarar mutane. Ban ji amsar tambayata ba.

Mai tambaya: Bari ya dawo in ga yanayinsa tukuna.

Wani ɗan uwa: Hajiya ya ake ciki, kun je?