Ina kwance saboda hawan jinin ciki, karatun ɗan shekara 3 ya tsaya

Assalamu alaikum iyaye mata da malaman yara. Cikina wata 7, jinina ya hau, likita ya ce in riƙa kwanciya ta gefen hagu, ban da ɗaga nauyi. Yarona shekararsa 3, bai shiga makaranta ba.

Na gwada masa ƙirga da wake a faifai. Yana kaiwa 5 sai ya tsallake zuwa 8, rannan kuma na kama shi yana cusa ƙwaya ɗaya a hanci, dole na daina. Na koma murafen kwalba guda 10 masu launi uku ya ware su, ko minti 4 ba a yi ba ya watsa su ƙarƙashin gado, ni kuwa sunkuyo ya gagare ni. Waya ce kaɗai ke zaunar da shi, amma da na karɓe sai birgima da ihu har kaina ya fara sara. Tatsuniyar dare dai tana shiga, da rana ne jikinsa ke son guje-guje.

Wane wasa zan iya jagoranta da baki kawai daga kwance, na minti 10 zuwa 15, da zai sa shi motsi a cikin ɗaki yana koyon ƙirga ko launi, ba tare da ƙananan abubuwan da zai haɗiye ba? Na gode.