WWE 2K24: shawarwarin waɗanda suka buga wasan

Da muka tattauna kan wasan bidiyo na kokawa mai suna WWE 2K24, wanda ya fito a watan Maris na 2024 da hoton ɗan kokawa Cody Rhodes a bangonsa, kusan kowa ya yarda cewa kamfanin Visual Concepts, wanda ya haɗa wasan, ya wanke kansa daga abin kunyar 2K20, wata tsohuwar fitowar wasan, inda 'yan kokawa ke nutsewa cikin igiyoyin fage.

An fi yabon sashen ƙirƙirar ɗan kokawa. Mutum zai zauna ya tsara fuska, kaya, waƙar shigowa, har salon kayar da abokin karawa. Ni ma nan ne na fi daɗewa. Faɗan akwatin gawa da na motar asibiti sun ƙara armashi, musamman in ana bugawa da abokai a ɗaki ɗaya.

Ƙorafi ya fi yawa kan Showcase, sashen da ake maimaita tsofaffin faɗace-faɗace don cikar babbar gasar kokawa ta WrestleMania shekara 40: ana tsakiyar faɗa sai a katse maka da tsohon bidiyo. MyFaction kuwa, sashen tara katunan 'yan kokawa, a lokacin yana buƙatar intanet, yana kuma jan mutum ya sayi katuna da kuɗi, don haka aka ce mai ƙarancin data ya bar shi.

Shawarar da aka bayar a lokacin ita ce mai 2K23, fitowar da ta gabaci wannan, ya jira ragin farashi. Sabon shiga ya fara koyon kaucewa duka kafin komai.