Neman shawara: an ba ni laftanar a wasan jiragen sararin samaniya, Baba ya ga saƙon farmaki a wayata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ɗalibi ne ni a Jami'ar Marwa a Kamaru, a unguwar Domayo muke zaune. Akwai wasan kwamfuta da nake yi mai suna EVE Online. Ga wanda bai san shi ba, kamfanin CCP na ƙasar Aisilan ne ya fito da shi a 2003. Kowa da jirginsa a sararin samaniya, ana haƙo ma'adinai, ana ciniki, ana yaƙi, kuma in aka harbo jirginka ya tafi ke nan, sai ka nemi kuɗin wasa ka sayi wani.

Ƙungiyar da nake ciki yawancinsu Faransawa ne, kuma tsarin soja suke bi sak. Mun ɗauki kanmu a matsayin rundunar daular Caldari, muna fafatawa da daular Gallente, duka biyun na cikin wasan ne. Akwai kofur, akwai saje, akwai kyaftin. Kafin a fita ana kiran suna, in kwamanda ya buɗe baki a Discord, manhajar da muke magana ta cikinta, ko tari ba mai yi, in an dawo a rubuta rahoto. Ni jirgin gyara nake tuƙawa, wato ina bayan ayari ina ɗinke jiragen da ake harbi kafin su tarwatse. Wallahi ina son abin nan. A nan na koyi yin magana a gaban mutane ba tare da muryata ta yi rawa ba.

Yanzu sun ce za su ba ni laftanar, da ƙaramin ayari a ƙarƙashina. Sharaɗin shi ne in riƙa halartar fita dare uku a mako, in koma asusun biya, sannan in cike wata takarda da sunana na gaskiya da lambar wayata da hoton katin shaidata, wai don maganin 'yan leƙen asiri.

Ana cikin haka sai wuta ta dawo da magariba, kowa ya jona wayarsa a falo. Tawa na kan tabarma kusa da Baba sai allo ya haska da saƙon Faransanci: farmaki ƙarfe tara na dare, kowa ya zo da makamansa, ga sunayen waɗanda za a fara kashewa. Baba yana karanta Faransanci sarai. Bai daka mini tsawa ba, ajiye cokali kawai ya yi, ya aika a kira Baffa. Na yi bayani iya yina, sun ce ko in goge komai ko in miƙa kwamfutar. Yau ko gaisuwata da kyar yake amsawa.

Ta ina zan ɓullo wa Baba? In karɓi muƙamin ko in bari? Kuma katin nan da suke nema, haka ake yi dama?

Direban Kusseri:
Ƙanena, ni kullum ina kan hanyar Marwa, Mora, Waza zuwa Kusseri. A shinge in aka ce kawo wayarka, ba wanda zai tsaya sauraron labarin Caldari. Na ga an sauke fasinja a kan hoto ɗaya, muka yi ta jiransa a rana har mata suka fara kuka. Cire Discord ɗin nan daga wayarka yau, ba gobe ba. Wasan kwamfuta ya zauna a kwamfuta, a gida.

Goggon Yara, Garwa:
Ɗana, kowa zai yi maka maganar wasa, ni ta mahaifinka zan yi. Kai kana ƙarami a Yulin 2015 lokacin da bama-bamai suka tashi a babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare, kwana kaɗan kuma wani ya sake tashi a cikin gari. Shi yana da wayonsa, ƙila ma yana kasuwar. Ya san gidajen da yaro ya fara da yawan shiru da waya, daga baya aka neme shi aka rasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ajiye cokalin nan da ya yi ba fushi ba ne, tsoro ne ya hana abincin wucewa.

Kar ka ƙara yi masa bayani da baki, bakin ɗa ba ya wanke ɗa a irin wannan. Ka je wurin Baffanka tukuna, kai kaɗai, ka durƙusa ka gaishe shi, ka roƙe shi ya zo ya zauna ya gani da idonsa. Ka kunna kwamfutar a falo, a buɗe sauti kowa ya ji. Su ga jiragen, su ga taurarin, su ji Turawan suna ihu a kan hoton da ke cikin allo. Ka nuna musu sunayen da aka ce za a kashe, su ga sunayen jirage ne da laƙabin wasa. In Baffa ya gamsu, shi zai san kalmar da zai faɗa wa ɗan uwansa. In kuma bayan duk wannan mahaifinka ya ce bari, to ka bari, Allah zai musanya maka.

Malamin Lise, Ngaundare:
Ina goyon bayan Goggo, amma bari in ƙara abin da ya sa ban ɗauki maganar direba da wasa ba. Tun Disambar 2014 ƙasar nan take da dokar yaƙi da ta'addanci, kuma a ƙarƙashinta kotun soja ce ke sauraron irin waɗannan shari'u, ko da wanda ake tuhuma farar hula ne. A Nuwambar 2016 kotun soja a Yawunde ta yanke wa wasu samari uku ɗaurin shekara 10. Tushen maganar saƙon barkwanci ne na waya, wai ko Boko Haram ba ta ɗaukar wanda bai ci jarrabawa ba. Malami ne ya karɓe wayar ɗalibi a aji ya ga saƙon. Waɗancan ma ba a yankin Arewa Mai Nisa, inda Marwa take, suke ba. Kai kana Marwa, kai saurayi, sunanka na Musulmi, ga saƙo yana cewa farmaki ƙarfe tara.

Inda na ɗan saɓa da direba: cirewa daga waya daidai ne, amma kar ka bi komai kana gogewa kamar mai ɓoye laifi. Bar wasan a kwamfuta da sunansa da tambarinsa, bar imel ɗin rajistar da kamfanin ya aiko maka. In wata rana aka tambaya, abin da ke nuna wasa ne shi zai fitar da kai. Kuma kada ka taɓa tura saƙonnin ƙungiyar zuwa WhatsApp, don can ne za su rabu da duk alamar wasa su zama maganar kisa tsirara.

Ɗan Injamena:
Na daɗe a wasan nan, har na taɓa jan ayari, don haka bari in taɓa maganar kati da muƙami.

'Yan leƙen asiri gaskiya ne a EVE. Kamfanin da kansa ya halatta yaudara da cin amana a cikin wasa, mutum zai shiga ƙungiya ya yi watanni ana cin tuwo da shi, rana ɗaya ya kwashe rumbun jirage ya gudu. Saboda haka ƙungiyoyi suna bincike. Amma ga yadda ake yi: za su ba ka mahaɗi, ka shiga ta shafin kamfanin da kansa, ka ba su izinin ganin aljihun ɗan wasanka da wasiƙunsa da waɗanda yake hulɗa da su a cikin wasa. Ana kiran wannan ESI, kuma duk ranar da ka ga dama kana iya janye izinin. Iyakarta ke nan. Katin shaida ba ya kama ɗan leƙen asiri, don ba wanda ke yin leƙe da sunansa na yanka. Manyan ƙawance masu dubban mutane ma da ESI suke aiki. Hoton katinka in ya fita ba ya dawowa, kuma ba ka san wayar wa zai kwana ba. Kalmar sirrinka kuwa ko kwamandan ya yi kuka kar ka ba shi, raba asusu ya saɓa ƙa'idar kamfanin, kai za a rufe wa.

Na fi zaton ba mugunta ba ce, wani ne wasan soja ya hau masa kai har ya manta takardar ɗaukar kurata ta wasa ce. Gwajin mai sauƙi ne. Ka rubuta musu cikin ladabi cewa za ka ba da ESI, ba za ka ba da kati ba, ka kuma faɗa musu a inda kake zaune saƙo irin wannan yana iya kai mutum gidan yari. Mutanen kirki za su ce ba komai, har su riƙa sa sunan wasan a kan kowace sanarwa. In suka ce umarni ne, ka san da wa kake tare.

Sai kuɗi. Tun 2016 ake yin wasan kyauta da asusun Alpha, kuma ƙananan jiragen gyara da na yaƙin dauloli suna cikin abin da Alpha ke tuƙawa. Omega, wato asusun biya, kusan dalar Amurka 20 ne a wata, ya haura jaka goma na sefa, ban da forfen intanet. Za a ce maka kana iya biya da ISK, wato kuɗin wasan, ta hanyar sayen PLEX a kasuwar wasan, abin da ake musanyawa da kwanakin Omega. Gaskiya ne, amma sai ka wayi gari kana haƙar dutse awa da awanni don biyan hayar wasa, daɗin ya tafi. Kuma kar ka sayi ISK a hannun 'yan bayan fage, wannan ma rufe asusu ne.

Abin da ba su faɗa maka ba game da laftanar: dare ukun nan shi ne ƙarami. Kai za ka bi wanda bai zo ba, kai za ka raba faɗa, kai za ka lissafa jiragen da aka rasa don a biya masu su. In abokan gaba suka taɓa tasharku, agogon wasan ne zai faɗi lokacin kare ta, ba jadawalin jarrabawarka ba. Ga wutarmu ta arewa da ka sani lokacin zafi. Matuƙin jirgin gyara in ya ɓace tsakiyar faɗa ana jin jiki, balle mai ba da umarni. Mai gyara na ƙwarai ko ba shi da igiya ko ɗaya kowane kwamanda nemansa yake. Ni da ni ne, in ce na gode, a bar ni a kujerata sai na gama karatu.

Abu Sumayya:
Ni ban ga abin tsayawa dogon lissafi ba. Abin da ya hana mahaifi cin abinci, ya kuma faɗo daidai lokacin Isha, me ya rage a cikinsa? Ka bar shi gaba ɗaya. Su Turawan nan in an kama ka ko sunan garinku ba su iya faɗa ba.

'Yar Pitoware:
Malam Abu Sumayya, a yi masa adalci. Yaron nan bai ɓoye komai ba, shi ya kawo maganar da kansa. Ƙanena ma yana irin wannan wasan, kuma na fi son in ji shi a ɗaki yana ihu da kwamfuta da in rasa inda yake da dare. A gyara abin da ya lalace dai.

Ɗan Injamena:
Maganar Isha tana da gyara. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya da na Faransa, tara ɗinsu tara ɗinmu ce, an daɗe da sallah. Sauran watannin suna gabanmu da awa ɗaya, fitar sai ta faɗo ƙarfe takwas namu. Ko a haka ya yi sallarsa a jam'i ya same su a hanya, ba ayarin da ke tashi a kan minti.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire Discord daga waya. Na rubuta wa kyaftin ɗinmu yadda Yaya na Injamena ya ce, ya amsa cewa bai taɓa tunanin haka ba, zai kai maganar katin gaban manya, muƙamin kuma na ce a jinkirta. Goggo, na je wurin Baffa bayan La'asar. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai zo ranar Asabar ya gani, amma kafin nan kwamfutar tana ɗakinsa. Abin da ke damuna, Asabar ɗin da rana ba fita, ba abin da zan nuna masa sai jirgi a ajiye.

Ɗan Injamena:
Kar ka sa shi da sha biyun rana, lokacin ne ake kashe wasan kullum na ɗan mintuna don gyara, zai zo ya tarar da allo ba komai. Ka sa bayan La'asar. Ka roƙi mutum biyu ko uku daga ƙungiyar su hau Discord su gaishe shi da Faransanci, su faɗa masa aikinsu da garinsu, sannan ku fita tare ko duwatsu ne ku harba. In ba su samu zuwa ba ka yi mini magana ta akwati, ni zan hau, sai in yi wa Baffa bayani da Hausa.