Maigidana soja ne, ya karye a cinya: wa ke da ikon cewa ga inda za a yi magani?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana kofur ne, a barikin Giginya da ke Sakkwato muke. Ya faɗi da babur yana dawowa daga kasuwa, ba a bakin aiki ba, ƙashin cinya ya karye. Likitan bariki ya ce sai an sa ƙarfe, zai rubuta a kai shi asibitin sojoji na 44 a Kaduna. Surukina kuwa ya rantse sai wurin maɗori a ƙauyensu. Ni aka rubuta magajiyarsa a takardun aiki. In na sa hannu muka fitar da shi, ko ƙauyen ko asibitin koyarwa na Danfodiyo da ke kusa, doka za ta hau kansa?

Ɗan Mabera: Allah shi ba shi lafiya. Tunda wurin artabu ya ji ciwo, gwamnati ce za ta biya komi.

Maman Sadik: Malam, babur na ce.

Tsohon Saje: 'Yata, soja ba na matarsa ba ne, ba na ubansa ba. Magajiya sai bayan rai take aiki, Allah shi nisanta. Yanzu likitan bariki ke rubutawa, kwamanda ke ba da fas. Ya bar gado ba takarda, gobe a kira suna ba ya nan, an rubuta mai AWOL, wato ya bar aiki ba izini. Dokar Sojoji ba ta san maɗori ba.

Nas Hadiza: Baba, a gyara kaɗan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majinyaci damar ƙin magani bayan an yi masa bayanin haɗarin. Ba mai yanka shi sai ya yarda, kuma tunda yana cikin hayyacinsa shi zai sa hannu, ba ke ba. Amma ƙin aiki daban, barin bariki ba izini daban. Karayar cinya kuma ba ta ɗori ba ce, mun sha karɓar ƙafa ta gajarce, wata ta kumbura ta yi baƙi saboda ɗaurin kara.

Uwar Marayu: Ni kam ban ce ki bi kowa ba, nawa zan faɗa. Ƙanena ne, shi a daji ya samu nasa rauni. Aka ce a jira takardar turawa. Takarda tana teburin wani oga, oga ya tafi kwas. Yaro na kwance, ƙafa na wari, ni ke kore masa ƙuda da mafici, in wanke bandeji in shanya a taga don na sayen wani ya ƙare. Da na gaji na sayar da 'yan kunnena da keken ɗinki muka kai shi asibitin kuɗi. Ya tashi. To da ya koma, sai ga tuhuma wai ya bar wurin aiki, albashi ya tsaya. Rasit ɗin da na tara a leda har yau suna ƙarƙashin katifa, aka ce ba izini ba biya. Wanda ya riƙe takardar kuwa ƙarin girma ya samu. Na bar shi da Allah.

Ɗan Mabera: Innalillahi. Yaya, nawa kuka kashe?

Uwar Marayu: Ya haura dubu 600.

Abu Runjin Sambo: Kai, an cuce ku. Maƙwabcina dubu 250 aka sa mai ƙarfe.

Nas Hadiza: A wace shekara? Yanzu kuɗin aikin ya fi haka.

Mai Shayi Ɗan Gwaggo: Maɗorin garinmu zakara guda da goro yake karɓa. In ƙafar ta karkace sai a mai da kofur sashen masu busa, ba ruwansa da fareti.

Lauya Ƙarami: Wasa a gefe. Yaya Uwar Marayu, sashe na 179 na Dokar Sojoji ya ba ƙaramin soja damar kai kuka a rubuce ga kwamandansa, in bai gamsu ba ya wuce sama. Sai an bi wannan kafin kotu ta saurara.

Tsohon Saje: Yaro, ka taɓa tsayawa gaban samanja da takardar ƙorafi a hannu? Wanda bai sa kaki ba ya bar mu mu yi magana.

Nas Hadiza: To Baba, kai kuma ka taɓa ɗinke jijiya?

Maman Sadik: Don Allah ku dawo kaina. In likitan ya yarda ya rubuta Danfodiyo maimakon Kaduna, inshorar lafiyar sojoji ta DHML za ta biya? Yara ƙanana gare ni, jinya a Kaduna ba ƙaramin abu ba ne.

Amaryar Bariki: Ke da kike cikin inshorar ma kin gode Allah. Mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 suka sani. Ni ta biyu ce, haihuwata da kuɗin adashe na biya, uwargida kuwa kati kawai take miƙawa.

Abu Runjin Sambo: Ana ƙara mutum ai, in maigida ya cika fom ya biya. Ki tambaye shi dalili.

Amaryar Bariki: Na tambaya. Wai fom ya ƙare.

Mai Shayi Ɗan Gwaggo: Na ɗaurin aure dai bai ƙare ba.

Tsohon Saje: Ku bar zancen mata. Mu da muka aje kaki wa ke tuna hawan jininmu?