Kashi na biyu ya fito, wa ta karanta?

'Yar Samaru: Salamu alaikum 'yan zaure. Ci gaban labarin nan na yarinyar da tsinuwa ke bin zuriyarsu ya fito jiya da dare. Wa ta leƙa? Kada in tura kuɗina in zo ina cizon yatsa.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. A kansa na kwana, har wayata ta mutu, ga ba wuta. Farkonsa akwai daɗi, musamman inda ta je rijiya da magariba, ta ga fuskar wani namiji cikin ruwan guga alhali ba kowa a bayanta. Tsigar jikina ta tashi wallahi. Amma tsakiyar an ja ta da yawa.

'Yar Samaru: Don girman Allah kar ki faɗi ƙarshen!

Anti ta Tudun Wada: Ba mai faɗa miki, ƙanwata. Ni abin da ya ci min rai daban ne. A na ɗaya an ce kakarsu ce ta yi baki, duk macen gidan da ta auri wanda aka hana ta, mijin ba zai ga ranar suna ba. To me aka yi wa tsohuwar har ta furta haka? Shi muke jira. Sai marubuciya ta tsallake, ta koma lissafa mana akwatunan lefe da launin mota. Tsohuwa ba ta yin baki haka kawai, sai an taɓa ta inda ke ciwo.

Malama ta Kongo: Anti kin gama magana. Mai son labarin sammu mai tushe ta nemi Jiki Magayi, na John Tafida Wusasa da Rupert East, ɗan gida ne, nan Zariya aka yi shi tun shekarun 1930. Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shehu ya aure ta, shi kuma ya shiga duniya neman abin ramuwa. Asirin bai faɗa kan Malam Shehu kai tsaye ba, kan ɗansu Kyauta ya sauka, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kina jin haushin Abubakar, kina kuma tausayinsa. Siriri ne, tsakanin azahar da la'asar kin gama.

Auta: Laa, Malama, ba shi ake karantawa a sakandare ba? Ni fa aljanu nake so, da ɗan sarki mai shan ƙamshi.

Malama ta Kongo: To ga Ganɗoki na Bello Kagara, akwai aljanu da yaƙi. Sai dai soyayyar ba irin wadda kike nema ba ce.

Maman Biyu: Auta, ke sayi na biyun kawai, zai yi miki. 'Yar Samaru kuwa ta jira na uku ya fito ta haɗa, don an bar mu a rataye.

Uwar Zaure: Tunatarwa, 'yan uwa. Labarin tsinuwar nan na kuɗi ne, kada wadda ta turo shi nan, haƙƙin mai shi ne.

'Yar Samaru: To na fasa sai na uku. Malama, ina ake samun Jiki Magayin?

Malama ta Kongo: Kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ke buga shi, duba masu littattafan makaranta a Sabon Gari. In ba ki dace ba ina da nawa, bangon ya yage amma ciki lafiya lau. Asabar zan bi ta Kwangila.