Neman shawara: gyaran SVG a Inkscape ba tare da rubutun hannu ya hargitse ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Aboabo nake, a Kumasi. Da hannu na rubuta tambarin makarantar Islamiyyarmu a SVG, wato fayil ɗin hoton da ake bayyana zanensa da rubutu, kowane sashe da sunan da na sa masa, launuka kuma suna cikin CSS, wato rubutun da ke tsara kamannin abu. Malam ya ce a ƙara lanƙwasa jinjirin watan da ke sama, sai na buɗe fayil ɗin a manhajar zane ta Inkscape na ja shi da linzami. Hoton ya fito da kyau, amma rubutun ya cika da kalmomin sodipodi da inkscape, kowane abu an ba shi id, wato sunan shaida, lambobi sun yi tsawo. Ta yaya zan yi gyara da ido, rubutuna kuma ya zauna yadda yake?

Wani ɗan'uwa daga Nima: Wa alaikumus salam. Wajen adanawa ka zaɓi Plain SVG. Waɗannan sunayen na manhajar ne, tana ajiye bayanan aikinta a ciki. Daga wata tsohuwar manhaja mai suna Sodipodi aka samo Inkscape a 2003, shi ya sa sunan ya biyo ta.

Wata 'yar'uwa daga Asawase: Yaya, Plain SVG zai cire su, amma ba zai mayar masa da tsarinsa ba. Manhajar ba gyara rubutunka take yi ba, ƙanena. Karanta shi take yi, ta sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya da nata salon. Don haka ka bar na hannunka ya zama uwa, kada ka taɓa adanawa a kansa. Ka yi kwafi, ka ja jinjirin a kwafin, sannan ka danna Ctrl+Shift+X don rubutun fayil ɗin ya bayyana, ka nemi layin da ya canza, ka ɗauko abin da ke cikin d kaɗai, wato lambobin da ke zana siffar jinjirin, ka liƙa a asalin. Ka lura ko an ƙara transform, wato umarnin matsar da abu ko juya shi ko canza girmansa, a kan jinjirin ko rukunin da yake ciki. In an ƙara, kai kuma ka ɗauki d kawai, jinjirin zai sauka wani wuri. A saitin fitar da SVG kuma ka rage yawan lambobin da take rubutawa, 8 ne take zuwa da shi, tambari kuwa ba ya buƙatar haka. In kana amfani da Git, manhajar da ke bibiyar canje-canjen fayil, shi zai nuna maka layin da ya motsa.

Wani dattijo daga Sabon Zango: Yarana, in za ku wanke fayil da SVGO, manhajar da ke rage nauyin SVG, ku duba saitinsa tukuna. Yana share bayanan da mutum ya rubuta wa kansa a cikin fayil, yana gajarta id, wasu tsofaffin nau'o'insa ma suna cire viewBox, wato ma'aunin filin hoton, sai tambarin ya daina daidaita girmansa a waya. A kan kwafin da za a ɗora a shafi ake amfani da shi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yaya, akwai transform ɗin kuwa, a kan rukunin yake. In cire jinjirin daga rukunin kafin in kwafi d?

'Yar'uwa daga Asawase: Eh, ka warware rukunin a kwafin, ka duba ko transform ya tafi, sannan ka kwafa.